Kawu Haladu, Mai Zama a Kan Littafi

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Sabon Gari da littafi a hannu ya san da abin da zan fara. Kawu Haladu zama yake yi a kan littafi. Ba misali nake yi ba, jama'a, zama na gaske, da duk abin da Allah ya hore masa, kuma kun san Allah bai yi masa ƙwauro ba. Zai bar ka ka karanta shafi ɗaya, ko biyu in ya tashi da fara'a. Kana lasar yatsa za ka juya, sai ka ji wuf, an fizge! Ya shimfiɗa littafin a kan benci, ya tattare babbar riga, ya sauka a kansa kamar buhun gyaɗa, sannan ya zuba maka ido.

"To, malam, faɗa mini."

"Kawu, ai ban gama ba."

"Shi ma bai gama da kai ba. Me ya ce?"

In ka ɗaga kai kana kallon sama, sai ya ce, "Ba a rubuta a jikin kwano ba, na duba." In ka sunkuya kana leƙen gefen littafin da ya ɗan fito, sai ya gyara zama ya rufe har wannan ɗin. Ba ka da mafita sai ka tono abin daga cikin kanka. Abin da ya fito naka ne. Abin da ya ƙi fitowa, ya ɗaga ɓari guda ya zaro maka littafin da ɗuminsa, ka sake dubawa, ya sake zama.

Hujjarsa ita ce ido maƙaryaci ne. "Ido ya ga shafi sau da yawa, sai ya ce wa kai, ai mun san wannan. Ƙarya! Sanin da na yi wa Razdan, baturen mulki, ne. In ya wuce a mota na gane shi, amma ce mini in faɗi launin tabarmar ɗakinsa."

Ni ne Garba, ɗan ƙanwarsa, wanda aka kawo masa riƙo ina ɗan aji biyu, don haka babu littafina da bai ɗanɗana ba. Na lissafi ya baje har ya fi jakata faɗi. Wadda ta ci riba ita ce matarsa, Inna Talatu. Tun da ta lura, ta daina hura gawayi a dutsen guga. Sai ta ninke ɗankwalinta ta cusa a tsakiyar littafin tarihi ta ce, "Garba, yau ka daɗe kana inda-inda, biki za ni."

Amma kafin in ci gaba, bari in tuna muku abin da ke cin Kawu, don ba don Allah kaɗai yake wannan fama ba. Mai awon kaya ne a tashar jirgi tun kafin a haife ni, doya da gyaɗa da fatu duk sun bi ta kan sikelinsa. Ba ya zama babban akawu sai da takardar jarrabawar gwamnati, wadda waɗanda ba 'yan makaranta ba ke zaunawa sau ɗaya a shekara. Yaran da ya zauna wa a kan littafi sun ci, sun dawo da kwat da wando, sun zama su ke sa hannu a takardar hutunsa. Shi kuwa yana nan shi da sikeli. Ya rantse ba zai yi ritaya ba sai da takardar nan a aljihu. Duk Minna babu wanda ya kai shi sanin yadda ake karatu, kuma duk Minna babu wanda ya kai shi faɗuwa. Za mu zo kan dalili.

Bayan zama a kan littafi, sai aji na gaba, wato Sufeto. Sufeto talotalo ne, ƙato, mai tafiya yana hura hanci kamar ya zo duba tsabtar gida. Kawu ya ce in dai ka san abu, za ka iya faɗa wa jahili ya gane. "Ga jahili can a gindin rijiya. Je ka."

Haka za ka tsaya a gaban tsuntsu, hannu a baya, kana yi masa bayanin yadda hadari ke haɗuwa. Ka ce "wato" ka tsaya, sai Kawu ya ɗaga murya daga kan benci: "Sufeto, ka gane?" Sufeto ya yi gulu-gulu-gulu. "Ya ce ƙarya kake yi." In kuwa ya juya maka wutsiya ya tafi, shi ke nan: "Ɗalibi ya fita daga aji. Laifin malami ne. Sake!"

Abin haushin shi ne, dabarar tana aiki. Sai ka buɗe baki a gaban Sufeto za ka gane ashe rabin abin da kake taƙama da shi hayaƙi ne.

Bitrus, ɗan maƙwabciyarmu mai sayar da doya, wanda ya girme ni da 'yan shekaru, shi ya fara gano maganin Sufeto. Sai ya cusa gero a tsakanin yatsun ƙafarsa. Ranar nan Sufeto ya tsaya cak, kai a ƙasa, ko motsi. Kawu ya cire hula ya ce, "Allahu akbar! Yau har sunkuya wa malami yake yi. Bitrus, ci gaba, kana da baiwa!" Bitrus ya ci gaba da kwararo ƙarya a kan hadari, har geron ya ƙare, Sufeto ya ga babban yatsa ya ɗauka ƙarin albashi ne. Ihun da Bitrus ya yi, an ce har direban jirgin Baro ya ja birki.

Kawu ya zo ya duba ƙafar, ya tsinci ƙwayar gero ɗaya, ya ɗaga ta sama. "Cin hanci. Tun kana ɗan firamare. Kai, yaron nan za ka yi nisa a aikin gwamnati."

Kowace Sallah sai Inna ta wasa wuƙa ta tsaya tana kallon Sufeto, kowace Sallah sai Kawu ya tare ƙofar akurki. "Talatu, ki yanka wanda ya san inda kogin Kwara ya faro? In jahilai za a yanka, akwai waɗanda suka riga shi a layi, kuma wasunsu albashi suke ɗauka." Mama Bitrus ta yi tayin kwandon doya don Kirsimeti, ya ce ko gonar za ta ba shi. A ƙarshe tsufa ne ya kashe Sufeto, aka wayi gari ya miƙe, ba yanka, ba romo. Inna ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, ta ce, "To, ga ilmi nan ya tafi, ga miya ba nama. Allah ya ba mu haƙurin rashin malamai."

Wani abin da Kawu ya tsana shi ne karatun gab da jarrabawa. Yakan ce, "Karatu doya ne, ba ranar kasuwa ake shuka shi ba." Kaɗan yau, kaɗan gobe, jibi a koma kan na shekaranjiya kafin ya huce. Ana sallar isha'i zai hure fitila ya ce kai ma yana bukatar ya tauna abin da aka ba shi. Inna ta ce ba wata hikima, rowar kananzir ce aka ɗaura wa rawani. Ni dai ina ganin duka biyun ne.

Nasa karatun kuma da ƙafa yake yi. Bayan asuba ya kama hanyar Bida, ni ina biye da buta, har mu wuce Kpakungu, yana tafe yana faɗa da ƙarfi. Kowane darasi yana da inda ya rataye shi. Kogunan duniya suna kan kwalbati. Lissafin kashi-kashi yana kan wani suri. Daular Songhai kuwa gaba ɗayanta tana kan wani tsohon mangwaro a bakin wata gona, kowane sarki da reshensa. In ya iso wurin, sai ya ɗaga kai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yana gaida surukai.

Wata safiya muka iso, babu mangwaro. Yana kwance, wani saurayi yana tsaye a kansa da gatari. Kawu ya saki salati har tsuntsaye suka tashi.

"Kai! Wa ya ba ka izinin sare Songhai?"

Saurayin ya share gumi. "Baba, wane ne Songhai? Itacen babana ne. Inuwa yake yi wa doya."

"Itacen babanka! Ka san sarakuna nawa ke zaune a kan reshen da ka taka ɗin nan?"

Saurayin ya dubi reshen, ya dubi Kawu, ya janye ƙafa a hankali. "Sarakuna, Baba?"

"Manya! Da dawakansu da malamansu! Kullum da safe nake zuwa muna magana. Yanzu ina za su koma?"

Ba mu ankara ba sai gatari a ƙasa, saurayi ya yanki daji. Washegari sai ga shi har gida, da shi da babansa da farin zakara, wai a taimaka a ba mutanen itacen haƙuri, yaro ne, bai sani ba. Kawu ya yi ta bayanin tarihi ne, su kuma suna ta cewa sun sani, a dai ba su haƙuri. Da ya gaji ya ce an yafe, amma a kawo masa reshe ɗaya. Aka kawo, ya jingine shi a zaure yana gaisawa da shi. Bai yi wata ba itacen girki ya yanke wa Inna. Da dare Kawu ya yaba tuwo, ta ce, "Dole ya yi daɗi, Malam. Da sarakunan Songhai aka dafa shi."

To, yanzu ga dalilin faɗuwar. Duk ilmin Kawu a baki yake da ƙafa. Sai ya yi magana yake fitowa. Ɗakin jarrabawa kuwa dokarsa biyu ce: zauna, yi shiru.

Zai fara lafiya lau. Ya rubuta suna, ya karanta tambaya, leɓe ya soma rawa. Daga rawa sai gunaguni, daga gunaguni sai raɗa. Kuma kun san raɗar Kawu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana faɗin nauyin buhu a gefen injin jirgi, raɗarsa kiran salla ce.

"Baba, a yi shiru," in ji mai tsaron jarrabawa.

"Ai shiru na yi, ɗana."

"Baba, mai gyaɗa a bakin ƙofa ta ji amsar ta biyu."

Sai a karɓe takarda a raka shi waje. Sakamako ya fito, duk layinsa sun ci, ban da shi. Wata shekara ma tambaya ta fito a kan koguna, ya miƙe tsam ya kama zagaye ɗakin yana neman kwalbati.

Kafin ka ce kwabo labari ya bazu cewa kujerar kusa da Kawu Haladu ta fi laya. In jarrabawa ta matso, sai samarin da ba su taɓa ganin cikin littafi ba su yi ta sallama a ƙofar gidanmu. "Kawu, ya murya?" Wani ya kawo zuma, wani citta. Da suka gane bisa jerin suna ake zama, wani Zakari, ɗan mai gyaran keke, ya je ya yi rajista da sunan Halilu. Har yau Halilu ake kiransa, uwarsa ce kaɗai ta ƙi.

Kawu ya tsani wannan kamar mutuwarsa. "Ni na yi noma, ɓeraye su ci!" Amma ka ce masa ya koyi karatu a zuci, sai faɗa. "Karatu da baki rufe, ai barci ne ido buɗe."

Haka aka yi ta yi har aka zo shekarar ƙarshe, aka sanar da shi baɗi zai ajiye aiki. In bai ci wannan karon ba, shi ke nan, da sikeli zai yi sallama. Ranar ya dawo gida bai yi wa kowa tsiya ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Inna ce ta kawo shawara, ita da ba ta taɓa shiga harkar ba sai don guga.

"Malam, tunda bakin ne ɓarawon, a ɗaure shi mana."

Aka samo rawani aka naɗe masa daga haɓa zuwa tsakar ka, tamau, kamar mai ciwon haƙori, aka cusa goro a kumatu don harshe ya sami aikin yi. Ya ce zai gwada a gida tukuna. Jama'a, ban taɓa jin shiru irin na makon nan ba. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya ko lafiya. Mama Bitrus ta ce 'ya'yanta sun makara zuwa gona don babu wanda ya tashe su da kogunan duniya.

Ni kuwa na ga dama ta samu. Sai in zauna kusa da shi in ɗaga murya: "Inna, ashe Kwara daga Kano ta faro, ta bi ta Zariya ta faɗa Tafkin Chadi?" Idon Kawu ya kaɗa ya yi ja. Rawani ya kama rawa. Jijiyar wuya ta miƙe. Amma bai tanka ba, sai dai takalmi da ya biyo ni har zaure. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ya warke."

Ranar jarrabawa muka raka shi da safe kamar ango. Bitrus, wanda a lokacin ya zama saurayi, shi ma shekarar ya zauna, kuma daga bakinsa na ji abin da ya faru a ciki. Ya ce Kawu ya rubuta sunansa da kyau. Ya karanta tambayoyi, ya gyaɗa kai, alamar duk ya san su. Ya ɗora alƙalami a kan takarda. Shi ke nan. Alƙalami ya tsaya, gumi ya fara ɗiga. Ya rufe ido, ya buɗe, ya tauna goro, ya dubi taga. Samarin da ke kewaye da shi duk sun karkato kamar dawa a iska, kunne a buɗe, takarda fara fat. Can Halilu ya gaji ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kawu, mun ji shiru."

Bitrus ya ce sau ɗaya Kawu ya kai hannu kan ƙullin rawanin. Ya riƙe shi, ya daɗe, sannan ya sauke hannun. Har aka kaɗa ƙararrawa bai yi ko tari ba. Mai tsaron jarrabawa ya zo ya ba shi hannu ya ce bai taɓa ganin natsuwa irin ta yau ba.

Muna bakin ƙofa ya fito. Inna ta kwance rawanin, ya tofar da goro, sai ga amsoshi sun ɓalle kamar an fasa madatsar ruwa. Tun daga tambaya ta farko, da ƙarfi, yana tafe yana zubawa, mu muna biye, masu keke suna kaucewa. Ba mu kai kasuwa ba su Halilu suka sha gabanmu.

"Haba Kawu! Ka ci amanarmu! Har zuma na kawo maka!"

Kawu ya tsaya ya dube su, ya nuna bakinsa. "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Da ni da ku duk mutum ɗaya muka dogara da shi, kuma kun ga an ɗaure shi."

Sakamako ya fito. Bitrus ya ci, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban Sufeto. Layin Kawu kuwa an yi kisan kiyashi, shi ne a sahun gaba. Da lokaci ya yi aka yi masa ɗan taron sallama a tasha, aka ba shi agogon bango. Wanda ya miƙa masa, babban akawu, yaro ne da ya koyi karatu a zaurenmu, har ya rusuna yana miƙawa, idonsa ya ciko. Kawu ya karɓa ya yi godiya ya ce agogo ne mai kyau. Muka dawo gida a ƙafa, ni ke ɗauke da shi, kuma tun daga tasha har Sabon Gari bai faɗi sunan kogi ko ɗaya ba.

Daminar da ta wuce na dawo hutu daga makarantar kwana na tarar da shi a kwance. Mutumin da benci ke kuka in ya zauna ya koma kamar a ɗauke shi da hannu ɗaya. Wata la'asar ina yi masa fifita sai na ga leɓensa yana motsi.

"Kawu, me kake bita?"

"Jarrabawa."

Na ɗauka zazzaɓi ne. Na ce, "Kawu, ai an gama da wannan."

"Wannan ba a gama ba. Wane ne Ubangijinka, mene ne addininka, wane ne Annabinka. Tun kafin a haifi kakanka aka fitar da tambayoyin, ba a taɓa canza su ba." Ya kamo hannuna ya jawo ni kusa, ya yi raɗa, raɗa ta gaske, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. "Kuma Garba, da baki ake amsawa. Ba alƙalami. Ba mai ce maka Baba a yi shiru."

Na ci gaba da fifita. Shi kuwa har da ɗan murmushi.

"Sai dai ka gaya wa su Halilu, kada su yi rububin kwanciya kusa da ni. Can kowa tasa ake yi masa."

Na yi dariya, hawaye na zuba a kan mafici. Bai kai ƙarshen hutuna ba.

Ya Allah, ga Kawu Haladu nan ya zo da shirinsa, ba ranar kasuwa ya shuka ba. Ka kwance masa baki, Ka ba shi amsa a kan harshe, Ka karɓa da rahamarKa ba da awo ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya zuciyar Inna Talatu, mu kuma Ka sa mu iske shi cikin waɗanda suka ci. Amin.